Kwalba Miliyan Uku: Wa Ya Ƙirga?

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wani lissafi da jaridu da gidajen rediyo suka yi ta bita kamar karatun allo tun 2017, lokacin da aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalba miliyan 3 ta maganin tari mai kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. To, wa ya ƙirga?

Mu ɗauki alƙalami. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2019 ya nuna cewa mutum miliyan 2.4 ne a duk Nijeriya suka sha irin wannan magani don maye cikin shekara guda. Ashe ko da an tattaro su kaf an zube a jihohin nan biyu, sai kowannensu ya shanye fiye da kwalba guda kullum kafin lissafin ya tashi. Binciken kuma ya ce Kudu maso Yamma ce kan gaba a shaye-shaye da kashi 22 cikin 100, alhali Arewa maso Yamma kashi 12 gare ta. Me ya sa ba a yi ta bitar wannan ba?

Cuta kam akwai ta, ruwa ba ya tsami banza. Abin da muka ƙi shi ne dokar firgita. Ranar 30 ga Afrilu, 2018, BBC ta nuna fim a kan kodin. Washegari Gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Wato kukan iyaye na shekaru bai motsa kowa ba, sai da aka ji kunya a idon duniya. Amma rufe kanti ba ya warkar da mashayi, sai dai ya sauya masa kasuwa. Mun ga irin wannan a 1985, da aka harbe mutum uku a Legas bisa Doka ta 20. Bayan shekara huɗu, a 1989, ala tilas aka kafa hukumar NDLEA, domin bindiga ba ta kashe fataucin ba.

Wannan ɗabi'a ta jingina kowace masifa ga ƙwaya ta fi cutar da mu a ƙasar Gobir. Da zarar an kai hari Gatawa ko Isa ko Sabon Birni, sai a ce tiramol ce ke ɗibar 'yan bindiga. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannunsu. Wanda ya tsare basarake makonni yana cinikin fansa, yana aza wa ƙauyuka haraji, da hankalinsa yake lissafi. Idan aka ce maye ne, an huta da tambayar ta ina makamai ke shigowa, kuma wa ya yi sakaci. Shi kuwa ɗan talakan da ya kamu da gaske, sai ya ratsa hanyar masu garkuwa kafin ya kai asibitin Kware, kusa da Sakkwato.

Saboda haka, mu da aka kashe dukiyar talakawa aka ilimantar, wajibinmu ne duk wanda ya kawo mana adadi mu tambaye shi wa ya ƙirga, yaushe, kuma ta yaya. Sa'an nan mu tambayi Gwamnati gadon jinya nawa ta tanadar wa 'ya'yan Gobir. Allah Ya sa mu gane, amin.