Dimitar Penev da Aikin Rainon Matasa a Wasan Ƙwallo

Wataƙila wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mamakin ganin maganar tamaula a cikin wannan mujalla, balle ma a ce tamaular wata ƙasa ce mai nisa. To amma ina roƙo a yi mini haƙuri a bi ni har ƙarshe. Abin da nake so in jawo hankali a kansa shi ne, a kowace sana'a akwai wanda ake yi wa tafi, akwai kuma wanda ya yi aikin da ya jawo tafin. A ganina na biyun nan ya fi cancantar a tuna da shi. Misalin da zan kafa hujja da shi kuwa shi ne wani mutumin ƙasar Bulgeriya mai suna Dimitar Penev.

An haifi Penev a shekarar 1945 a wani ƙauye kusa da Sofiya, babban birnin ƙasar. Ya fara wasa a ƙungiyar Lokomotiv ta Sofiya, sa'an nan a 1964 ya koma CSKA, watau ƙungiyar sojojin ƙasar, inda ya zauna har ya bar wasa a 1977. Ɗan baya ne, aikinsa tare abokan hamayya kafin su kai ga mai tsaron gida. Ya yi wa ƙasarsa wasa sau 90, an kuma zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Bulgeriya a 1967 da 1971. Sau uku ya je gasar cin kofin duniya, a 1966 da 1970 da 1974, amma a dukkansu ƙasarsa ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Sai a riƙe wannan batu, domin za mu komo gare shi.

A 1985 aka yi wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa tsakanin CSKA da babbar abokiyar hamayyarta Levski, wasan kuwa ya rikiɗe ya zama dambe. Hukumomin gwamnatin Kwaminisanci suka fusata, suka rushe ƙungiyoyin biyu, suka sake musu suna, suka kuma dakatar da wasu 'yan wasa. Cikin waɗanda aka ce kada su sake taka ƙwallo har abada akwai wani yaro mai zafin kai ɗan shekara 19, Hristo Stoichkov, ko da yake daga baya an sassauta hukuncin ya komo. A cikin wannan hargitsi ne aka damƙa wa Penev horar da ƙungiyar.

Abin da ya yi shi ne ya dogara ga yara. Stoichkov da Emil Kostadinov da Lyuboslav Penev, wanda ɗan ɗan'uwansa ne, babu wanda ya wuce shekara 20 a cikinsu sa'ad da ya karɓi aiki. Daga baya ya ƙaro Trifon Ivanov, ɗan baya kamarsa. Da waɗannan ya ci gasar lig ta ƙasa a 1987 da 1989 da 1990. A 1989 suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta masu riƙe da kofuna, inda Barcelona ta fitar da su; amma ƙwallaye ukun da CSKA ta ci a wasannin biyu duk Stoichkov ne ya ci su, shekara guda bayan haka kuwa Barcelona ta saye shi.

A 1991 aka ba Penev ƙungiyar ƙasa. Ran 17 ga Nuwamba 1993, a birnin Paris, Lyuboslav ya miƙa wa Kostadinov ƙwallo ana gab da tashi, ya jefa ta a raga, aka ci Faransa 2 da 1, aka hana ta zuwa gasar duniya. Duka yaran biyu a hannunsa suka tashi. A Amurka a 1994 wasansu na farko da Nijeriya ne a birnin Dallas, inda Yekini da Amokachi da Amunike suka sha su 3 da nema. Mu nan mun yi murna, mun ɗauka tasu ta ƙare. Ashe ba haka ba ne. Suka ci Girka 4 da nema, wadda ita ce nasarar ƙasar ta farko a tarihin gasar, suka ci Ajantina, suka fitar da Meziko a bugun fenareti, suka kayar da Jamus mai riƙe da kofi 2 da 1. Italiya ce ta tsayar da su, suka ƙare a matsayi na huɗu. Abin da Penev ya kasa samu da ƙafarsa sau uku, ya same shi ta hannun waɗanda ya raina.

Na san za a ce mini, ai yaran nan masu baiwa ne, ko wa aka ba su sai sun yi fice. Za a ƙara da cewa ƙungiyar soja ce, tana da ikon janyo gwanayen samari daga ko'ina ta hanyar aikin soja na tilas. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, ba na musunta. Amma a tuna, wannan iko yana nan tun kafin Penev, bai kuwa haifar da abin da aka gani a 1994 ba. Baiwa kamar iri ce, tana bukatar wanda ya san lokacin shuka. Yaro irin Stoichkov, mai saurin fushi da taurin kai, in ya faɗa hannun mai horarwar da ba shi da haƙuri, to ko dai a kore shi ko a karya masa zuciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma fa mai gaggawa karya shi yake yi. Har ila yau, da Penev ya koma CSKA a 1998, shi ne ya ɗauko wani yaro daga garin Blagoevgrad mai suna Dimitar Berbatov, wanda daga baya ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 48 ya kuma yi wasa a Manchester United. In sau ɗaya ne a ce sa'a, in an maimaita kuwa sai a ce ido ne.

Ina kuma zaton kasancewarsa ɗan baya ta taimaka masa. Ɗan baya yana tsaye ne inda yake hangen fili gaba ɗaya, yana ganin wanda ya bar wurinsa da wanda ya gaji. Ya saba da aikin da in ya yi kyau ba mai magana, in ya ɓaci kowa ya gani. Wannan shi ne ainihin halin mai rainon yara.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni tsoro. Bayan faɗuwar mulkin Kwaminisanci a 1989, kuɗin da gwamnati ke zubawa a makarantun wasanni da sassan yara na ƙungiyoyi ya ragu ƙwarai. Zuriyar 1994 ta rufe wannan rami na ɗan lokaci, domin an riga an gama rainonta. Da suka tsufa sai ramin ya bayyana. Bulgeriya ta je gasar duniya a 1998, inda Nijeriya ta sake cin ta 1 da nema, amma daga 2002 har 2022 ba ta sami shiga ko sau ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan wasan da za a yi alfahari da shi yana shekara 28, tun yana 12 ake fara aikinsa.

A ƙarshe, ra'ayina shi ne duk ƙasar da ke son ta san makomar wasanta, to ta dubi yadda take riƙe da masu horar da yaranta: nawa take biyansu, wane ilmi take ba su, shekara nawa take barinsu kafin ta nemi sakamako. Haka nan ina kira ga tsofaffin 'yan wasa kada su ɗauki horar da yara a kan ƙasƙanci. Duniya ta san sunan Stoichkov, ta ba shi kyautar gwarzon Turai a 1994, ya kuma cancanta. Amma yabon gwani ya zama dole, gwanin da nake nufi kuwa shi ne wanda ya riƙe shi tun ba wanda ya san shi.