Ina Ɗan Ƙaraye Da Rogo A Cikin Littattafan Nan?

Duk wanda ya ɗauki littattafan ƙagaggun labaran da ake sayar wa matasa a yau, ko ya saurari waɗanda ake karantawa a rediyo da cikin waya, zai rantse da Allah cewa ƙasar Hausa ba ta wuce Nasarawa GRA da Maitama ba. Jarumin labari ɗan Alhaji ne, ya dawo daga karatu a Ingila ko Dubai, motocinsa ba su ƙirguwa, kuma ba a taɓa faɗin sana'ar da ta kawo dukiyar ba. Jaruma kuwa fara ce sol, gashi har gadon baya, ana kuma gaggawar shaida wa mai karatu cewa kakarta Balarabiya ce, kamar dai zama Bahaushiya zalla wani aibi ne da sai an nemo masa uzuri.

To, wa ke karanta wannan? Saurayin da ya wuni yana huɗar masara a Zarewa. Ɗalibin da ke taka sayyadarsa daga Turawa zuwa makaranta. Mai kamun kifi a dam ɗin Challawa, da ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Rogo da Fulatan. Kuɗinsu ake karɓa, lokacinsu ake ci, amma ba su da gurbi a cikin labarin. In ma an tuna da su, to mai gadi ne da ake yi wa tsawa a bakin ƙofa, ko baƙauyen da aka kawo don a yi dariyar maganarsa. Malamin ƙauye ba ya fitowa sai a matsayin boka, wanda kishiya ke zuwa wurinsa da dare. Almajiri kuwa muryarsa kawai ake ji daga waje, a miƙa masa ɗumame a rufe ƙofa.

Kada wani ya ce ai labari ne kawai. Yaron da ya shekara biyar yana karanta cewa mutumin kirki shi ne mai mota, baƙauye kuma abin dariya ne, ranar da ya kalli mahaifinsa riƙe da fartanya da wane ido zai kalle shi? Daga nan ake fara raina gona, a sayar da ɗan abin da aka gada, a tafi birni neman rayuwar da babu ita sai a takarda. Wannan tarbiyya ce ake yi a ɓoye, kuma ta fi wa'azin awa guda shiga jiki, domin ita da daɗi ake haɗiyarta.

Abin takaicin shi ne ba haka aka faro ba. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, har da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin nan maƙwabta. Wato tun ranar farko yammacin Kano na cikin masu riƙe da alƙalami. Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo a kan ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa. Ba garin Rogo yake nufi ba, amma sunan ya zauna daram. Balaraba Ramat Yakubu a 1990 ta fito da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, 'yar ƙauyen da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta tsere ta nemi ilimi. Mutum na iya saɓa wa marubuciyar a wurare, amma ba zai ce bai san irin Abu a unguwarsu ba. Ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya girgiza kasuwa a 1991, jaruminsa Muhammad talaka ne. Daga baya ne, da finafinan Indiya suka gama jiƙa ƙwaƙwalen wasu marubuta, 'yan kasuwa kuma suka gane abin da ke saurin fita, aka kori talaka daga labarinsa.

Masana sun yi ta kai-komo a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya wa marubutan. Gwamnati kuwa da ta tashi nata gyaran, ashana ta ɗauko. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, hukumar tace finafinai ta Abubakar Rabo kuma ta sa marubuta a gaba. Me aka samu? Toka. Labaran suka bar takarda suka koma cikin waya, inda babu mai tacewa, wasunsu ma suka fi na da muni. An ƙwace wa yaro abin hannunsa ba a ba shi komai ba. Da kuɗin da aka kashe wajen farautar marubuta an sa gasar rubutu a makarantun Ƙaraye da Rogo, da yanzu wani zancen ake yi.

Wai har a Amurka, uwar masu tallar al'adunsu ga duniya, baƙaƙen fata da sauran tsiraru sun yi wannan kuka. A 2014 suka tayar da gangamin neman littattafan yara da matasa masu ɗauke da mutane irinsu, suka matsa wa kamfanonin ɗab'i lamba. Su can wani jinsi ne ya shafe su daga littafi. A nan kuwa Bahaushe ne ke shafe ɗan uwansa da hannunsa, da harshen uwarsu ɗaya, wannan ya fi ciwo.

Kuma ba a rasa labari ba. Dam ɗin Challawa da aka kammala a 1992 ya tashi garuruwa, ya cinye gonaki, ya mayar da manoma masunta: ina littafin yaron da aka haifa a sabon matsuguni, kakansa na nuna masa ruwa yana cewa nan ne gidanmu? Kowace shekara ana sauke masu yi wa ƙasa hidima a sansanin Kusalla, daga kowane lungu na Nijeriya, yaran gari na yi musu ɗiban ruwa da wanki. Me ke yawo a zuciyar wanda ya gama sakandare babu kuɗin ci gaba, yana wanke kakin sa'ansa? A 2019 aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe ta, aka sake dawo da ita a daraja ta biyu da Ƙaraye da Rogo kaɗai a ƙarƙashinta, talaka na tsaye yana kallo ba wanda ya tambaye shi. Wannan duk bai kai labari ba, sai rigimar wanda zai auri 'yar minista?

Ba ana neman a mayar da littafi mumbari ba ne. Littafin da jaruminsa bai taɓa kuskure ba, bai taɓa son kowa ba, yana buɗe baki sai nasiha, shi ma ƙarya ce, kuma matasa na ajiye shi tun shafi na uku. Abin da ake nema mutum ne mai jini a jika: yana sallah, yana soyayya, bashin taki na hana shi barci, yana fushi da mai unguwa, wani lokaci ya faɗi ya tashi.

Mata sun riga sun yi nisa. Su ne mafi yawan masu rubutun nan, kuma tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya musu gasar Hikayata. Samari 'yan uwa kuwa, waɗanda suka iya boko suka iya Arabiyya, suna zaune a majalisa suna tsine wa littattafan da ƙannensu ke karantawa a ɓoye. Littafin rubutu mai shafi 80 da biro ɗaya ba su kai kuɗin katin wayar mako guda ba, kuma ana sayar da su a kasuwar Rogo.