Daga Romi Zuwa Rum: Karatu Ne Ko Yawon Buɗe Ido?

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo jami'o'inmu, wadda in aka yi shiru a kanta za ta zama ado. Da dogon hutu ya ƙarato sai ka ga takardun talla suna yawo, wai ana gayyatar ɗalibai "karatun bazara" a Turai, inda cikin mako uku ko huɗu za a koya musu siyasa da tattalin arzikin ƙasashen can. Tun daga sunan ma akwai abin dubawa, domin abin da suke kira bazara, wato Yuni zuwa Agusta, mu nan tsakiyar damina ce, iyayenmu suna duƙe a gona. Daga guminsu kuwa kuɗin jirgi da na biza da na masauki za su fito.

Kada mai karatu ya ɗauka ina gaba da neman ilmi a ƙasar waje. Ko kusa. Abin da na ƙi shi ne mutum ya tashi ba tambaya ko ɗaya a ransa, a zagaya da shi majalisar Tarayyar Turai a Beljiyam, ya ɗauki hoto, ya komo da takardar shaida da sabon karin harshe. Wannan yawon buɗe ido ne aka sa wa rigar malanta.

Ni ɗan Romi ne, kudu da kogin Kaduna, kuma na ce darasin farko na tattalin arzikin Turai yana Kakuri, maƙwabciyarmu, kuɗin mota kaɗai zai ci maka. A 1957 ƙasashe shida na Turai suka sa hannu a Yarjejeniyar Rum, suka kafa kasuwar bai ɗaya. A wannan shekara ce masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A 1975 kuma aka fara haɗa motocin Peugeot na Faransa a nan. Ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suka cika unguwanninmu. To, yau waccan kasuwa ta Rum ta zama Tarayya mai ƙasashe 27, alhali kuwa masaƙar da suka zo duniya tare ta rufe ƙofa tun 2002.

Me ya sa ɗaya ta girma ɗaya ta mutu? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ɗalibi ya ɗauka zuwa Turai. Ya tambayi malaman can: tun 1962 kuna tallafa wa manomanku da kuɗin gwamnati, yaya aka yi a 1986, da shirin SAP ya zo bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga? Ya tambaya, don me madarar gari ta Turai ta cika kasuwanninmu, ga Bafillatana tana yawo da ƙwaryar nono a ka? Ya nemi sanin abin da Nijeriya ta hango har ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta EPA a 2014. Ban ce Turai kaɗai ta kashe masaƙunmu ba. Rashin lantarki, da fasa-ƙwaurin atamfar Sin, da sakacin shugabanninmu duk suna da kaso. Amma wanda bai san ciwon gidansu ba, ko ya je kantin magani, me zai ce a ba shi?

Mu dubi yadda Bature yake yin nasa karatun in ya zo nan. Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 da Hausa a bakinsa, ya zauna ya ƙididdige cinikin tufafin birnin. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 bayan shekaru yana bin gari gari yana tattara kalmomi. Bature dai harshe yake fara nema, sannan ya yi tambaya, sannan ya rubuta wa mutanensa da harshensu. Mu kuwa sai mu tafi ba Faransanci ba Jamusanci, mu komo ba mu iya yi wa tsohon ma'aikacin masaƙa bayanin abin da ya cinye fanshonsa ba.

Saboda haka ga shawarata, 'yan'uwa ɗalibai. Kada wanda ya sa mahaifinsa ya sayar da gona don karatun mako huɗu. Akwai guraben tallafi irin na Erasmus, a shiga takara a nema. Wanda zai tafi, ya fara zama da dattawan da suka yi aiki a Kakuri, ya cika littafinsa da tambayoyinsu. In ya dawo, ya tsaya gaban wannan ƙungiya ya ba da rahoto da Hausa, a buga shi a wannan mujalla. Malamanmu kuma, Allah ya gafarta muku, ku taimake mu da kalmomin tattalin arziki na Hausa, don kada Ingilishi ya zama maɓoyar wanda bai fahimci kome ba.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane.