Mai Mota Da Mai Raba Lodi: Inda Ribar Jigilar Gaggawa Ke Maƙalewa A Amurka

A harkar sufuri ta ƙasar Amurka akwai wani reshe da ake kira jigilar gaggawa, wato ɗaukar kayan da ba su jiran gobe. Idan wani ƙarfe ya yanke wa masana'antar haɗa motoci a birnin Detroit, ko injin wani asibiti ya tsaya ana neman kayan gyara, sai a ɗauki mota guda sukutum, ta miƙe daga ƙofar mai aikawa zuwa ƙofar mai karɓa ba tare da yada zango ba. Akasarin motocin da ke wannan aiki ba mallakar kamfanonin da sunansu ke jikinsu ba ne. Na direbobi ne da ƙananan masu motoci, waɗanda suka saya da kuɗinsu ko da bashi, sannan suka ƙulla yarjejeniya da kamfani domin ya riƙa nemo musu lodi. Ga irin waɗannan mutane, ƙa'idar da ake bi wajen raba lodi ta fi kuɗin da ake biya a kowane mil muhimmanci, amma kuma ita ce aka fi bari cikin duhu.

Wannan sana'a ta bunƙasa ne bayan shekarar 1980, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta sassauta ikon gwamnati a kan farashi da hanyoyin manyan motoci. A daidai wannan zamani ne masana'antun Amurka suka fara kwaikwayon tsarin Japan na rage ajiyar kaya a sito, inda ake kawo abu a daidai lokacin da za a yi aiki da shi. Tsarin ya rage kashe kuɗi, sai dai duk ranar da kaya suka makara, layin ƙera motoci na iya tsayawa cik. Daga nan ne kamfanoni irin su Roberts Express na jihar Ohayo suka sami kasuwa. Kamfanin FedEx ya mallake shi a 1998, aka kuma sake masa suna zuwa FedEx Custom Critical a 2000. Haka nan kamfanin Panther, wanda aka kafa a 1992 a wannan jiha, an sayar da shi ga kamfanin Arkansas Best a 2012 a kan dala miliyan 180.

Yadda aikin ke gudana shi ne, da zarar direba ya sauke kaya, sai ya sanar da ofishin kamfani cewa motarsa fanko take, a rubuta shi a layin yankin da yake. Idan lodi ya fito, jami'in raba lodi ya duba na'urarsa ya ga motocin da ke kusa. Wasu kamfanoni na bin layi, wanda ya riga zuwa shi ne farkon samu. Wasu kuma motar da ta fi kusa da kayan suke ba. Akwai masu aika tayi ga motoci da yawa a lokaci guda, sannan kwamfuta ta zaɓa daga cikin waɗanda suka amsa. Daɗin daɗawa, akan duba girman mota da irin kayan aikinta, da ko direba ɗaya ne ko biyu, domin motar da ke da direbobi biyu, galibi miji da mata, takan yi tafiya dare da rana.

Kusan kowane kamfani yakan yi shelar cewa ba ya tilasta wa mai mota ɗaukar lodi, yana da 'yancin cewa a'a. A rubuce haka ne, amma a aikace ƙin lodi na da sakamako. A wasu wurare wanda ya ƙi sai ya koma ƙarshen layi. A wasu kuma ana lissafin kashi nawa cikin ɗari na tayin da aka yi masa ya karɓa, kuma wannan lissafi na iya shafar yawan aikin da zai samu nan gaba. Ga shi kuma ana ba shi 'yan mintuna ne kawai ya yanke shawara. Jami'in da ke ofis ya san abin da mai kaya ya biya, ya san motoci nawa ke jira a garin da za a kai kayan, ya kuma san ko akan sami lodin dawowa daga can. Direban da ke zaune a wurin ajiye motoci bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali kuwa man da za a ƙona nasa ne, taya tasa ce, kuma shi ne banki zai nema a ƙarshen wata.

Alal misali, a ɗauka an yi wa mai mota tayin tafiyar mil 500 a kan dala 2 kowane mil, wato dala 1,000. Idan sai ya yi mil 150 fanko kafin ya isa inda kayan suke, sannan bayan ya sauke ya sake yin mil 250 fanko domin komawa yankin da ake samun lodi, to motar ta ci mil 900 ke nan, kuma abin da ya samu bai wuce dala 1.11 a kowane mil ba. Idan aka haɗa da kwana biyu na zaman jira, ribar ta riga ta zube tun kafin a yi maganar gyara da inshora. Saboda haka kamfanin da ke biyan farashi mai tsoka amma yake barin mota ta kwana huɗu ba aiki, ya fi cutar da mai mota a kan wanda ke biyan ƙasa da haka amma motar ba ta zama.

Lokaci ma jari ne a wannan sana'a. Dokar tarayya ta ba direban babbar mota damar tuƙi na awa 11 cikin awa 14, bayan ya huta awa 10 a jere, kuma tun watan Disamba na 2017 na'ura ce ke ƙirga waɗannan awowi. Don haka duk awar da aka ɓata masa a bakin sito ana cire ta ne daga abin da zai samu. Wani rahoto da ofishin babban mai bincike na Ma'aikatar Sufuri ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa irin wannan jinkiri na rage wa direbobi tsakanin dala biliyan 1.1 zuwa 1.3 a kowace shekara, kuma yana ƙara haɗarin mota.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. Tun 1979 akwai ƙa'idojin da suka wajabta a rubuta yarjejeniyar mai mota da kamfani, a fayyace yadda za a biya shi, a kuma biya shi cikin kwana 15 bayan ya miƙa takardun sauke kaya. Idan kaso ake ba shi daga kuɗin lodi, yana da haƙƙin ganin takardar da ke nuna abin da mai kaya ya biya. Duk abin da za a cire masa sai an ambata shi a yarjejeniya, kuma kuɗin ajiyar da kamfani ke riƙewa dole a mayar masa cikin kwana 45 bayan an rabu. A watan Janairu na 2016 kuma aka fara aiki da ƙa'idar da ta hana kamfani ko dillali ko mai kaya matsa wa direba lamba ya karya dokar tuƙi. Sai dai waɗannan ƙa'idoji sun tsaya ne a kan yadda ake biyan kuɗi bayan an yi aiki. Batun wa za a ba aikin, kuma bisa wane ma'auni, an bar shi a hannun kamfani. Har ila yau, tunda doka ta sa motar a ƙarƙashin ikon kamfanin muddin yarjejeniya na aiki, mai ita ba ya iya ɗaukar kayan wani sai da amincewarsa.

Wanda ya gaji da wannan zai iya karɓar lasisin kansa ya shiga kasuwa kai tsaye, inda dillalai ke tallata lodi. Wannan kasuwa ta samo asali ne daga allunan sanarwa a wuraren hutawar direbobi. Kamfanin DAT, alal misali, ya fara ne a 1978 a wani wurin hutawa da ke birnin Portland, amma yanzu ciniki ya koma intanet. A nan ma duhun bai yaye ba. Lodi ɗaya na iya bi ta hannun dillalai biyu ko uku, kowa ya yanki rabonsa, kafin ya iso ga wanda zai tuƙa. Doka ta ba kowane ɓangare haƙƙin duba takardun dillali, amma dillalai da yawa kan sa mai mota ya sa hannu cewa ya yafe wannan haƙƙi kafin su ba shi aiki. A kan haka ne ƙungiyar masu motoci masu tuƙa abinsu, wato OOIDA, wadda aka kafa a 1973, ta kai koke a 2020, kuma a watan Nuwamba na 2024 hukumar FMCSA mai kula da manyan motoci ta gabatar da shawarar a tilasta wa dillali ya miƙa takardun cikin awa 48 idan an nema.

Su ma kamfanoni suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. Abin da suke sayarwa shi ne tabbaci. Idan suka yi wa masana'anta alkawarin mota sannan direbobi biyar suka ƙi zuwa saboda tafiyar gajera ce, gobe masana'antar za ta kira wani. Mai kayan da ke ba da lodi mai daɗi shi ne kuma ke ba da maras daɗi, ba a iya zaɓar ɗaya a bar ɗaya. Bugu da ƙari, bin layi tsantsa ba ya yiwuwa a aikin gaggawa, domin ba hikima ba ce a jira motar da ke nisan mil 100 alhali akwai wata a bakin ƙofa. Duk wannan gaskiya ne. To amma hujja ce da ke nuna buƙatar a sami ƙa'ida, ba ta halatta ɓoye ƙa'idar ba. Idan har dole ne wani ya ɗauki lodi maras riba, sai a biya shi diyyar tafiyar fanko, ko a sa shi a gaban layi bayan ya dawo, kamar yadda wasu kamfanoni ke yi wa wanda ya karɓi gajeriyar tafiya.

Akwai kuma dalilin shari'a da ya sa kamfanoni suka fi son matsi ta bayan fage. Idan kamfani ya fito fili ya tilasta wa direba aiki, kotu na iya ɗaukarsa ma'aikaci, wanda ke da haƙƙin albashi da sauran alawus. Jihar Kalifoniya ta kafa doka mai tsauri a kan haka a 2019, kuma a watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da ƙungiyar kamfanonin sufuri ta jihar ta ɗaukaka. Abin da wannan ke nunawa shi ne, ba a gudu ana susar takashi. Kamfanin da ke son iko irin na ubangida, sai ya ɗauki nauyi irin na ubangida. Wanda kuma ya kira mai mota abokin ciniki, to ya buɗe masa littafi kamar yadda ake yi wa abokin ciniki.

Muhimmancin wannan batu ya fi bayyana a lokacin da kasuwa ta faɗi. A watan Yuni na 2022 farashin man dizal ya haura dala 5.50 a kowane galan, sannan lodi ya yi ƙaranci, har kamfanin Yellow ya durƙushe a watan Agusta na 2023, kamfanin dillanci na Convoy ya bi bayansa a watan Oktoba. A irin wannan yanayi motoci kan yi yawa, lodi ya yi kaɗan, sai mai rabo ya zama sarki. Ƙara motoci a layi ba ya jawo wa kamfani wata babbar hasara tunda ba da kuɗinsa aka saye su ba, masu motocin ne ke raba ɗan abin da ya rage a tsakaninsu.

Gyaran da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Ya kamata a rubuta ƙa'idar layi a cikin yarjejeniya, ba a bar ta a littafin da kamfani ke iya sauyawa duk ranar da ya ga dama ba. Ya kamata direba ya riƙa ganin matsayinsa a layi da adadin motocin da ke gabansa, a kuma faɗa masa dalili duk lokacin da aka tsallake shi. Tayin lodi ya zo da cikakken bayani: nisan tafiyar fanko, nauyin kaya, kuɗin jira da ƙarin kuɗin mai. Sannan kada a ƙirga wa mutum ƙin lodin da awowinsa na doka ba za su isa ya kai ba.

Masu manyan motoci a Najeriya ba baƙi ba ne ga wannan magana. Tsakanin mai tirela da mai kaya akwai 'yan kamasho, a tashar jiragen ruwa ta Apapa kuma Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara aiki da tsarin Eto na kiran motoci ta na'ura a watan Fabrairu na 2021. Darasin Amurka shi ne, mayar da layi cikin kwamfuta ba ya tabbatar da adalci shi kaɗai, domin kwamfuta na bin ƙa'idar da aka sa mata ne. Don haka duk ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a mota ya miƙa ta ga wani ya nemo mata aiki, kafin ya tambayi nawa ake biya, ya fara tambayar yadda ake raba lodi, da abin da zai biyo baya idan ya ce a'a. Idan aka ƙi ba shi amsa a rubuce, gara ya riƙe makullin motarsa ya nemi wani kamfani.