Kwana Ɗari Sun Gagara a Ƙananan Tsaunukan Faransa

A watan Oktoban 2024 mutanen Seyne, wani ƙaramin gari a kudancin tsaunukan Alps na Faransa, suka jefa ƙuri'a a kan tambaya guda: a ci gaba da ɗaukar nauyin filin zamiyar ƙanƙara na Grand Puy da kuɗin gari, ko a rufe shi? Kashi 71 cikin ɗari suka ce a rufe. Da hannunsu suka yanke wannan hukunci a kan gangaren da ke bayan gidajensu, inda 'ya'yansu ke koyon tsayawa a kan katakon zamiya.

Shekara guda kafin nan, filin La Sambuy da ke kusa da tafkin Annecy ya kulle bayan kimanin shekara 60 yana aiki. Magajin garin yankin na lokacin, Jacques Dalex, ya bayyana cewa a da dusar ƙanƙara kan kwanta daga farkon Disamba har ƙarshen Maris, amma a hunturunsu na ƙarshe mako huɗu kacal suka samu, ga asarar da ta kai kusan Yuro 500,000 a shekara. Wani masanin labarin ƙasa na jami'ar Grenoble, Pierre-Alexandre Metral, ya ƙirga filaye sama da 180 da aka rufe a Faransa tun daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce, akasarinsu ƙanana. Duk mai tambayar amfani da illar zuwa ƙaramin filin kusa da gida, to ya sani cewa abin da yake tambaya a kai yana ƙarewa a gaban idonsa.

Amfanin kuwa ba ƙarami ba ne. Na farko dai arha. Tikitin yini guda a Trois Vallées, babban dandalin da ke da hanyoyin zamiya na kilomita 600, ya haura Yuro 70, ban da masauki da abinci da hayar kaya. A ƙaramin fili sau da yawa ba ya kai rabin haka, kuma ba ruwan mutum da otal. Magidanci ya kwashi iyalinsa da safe a mota, tafiyar rabin awa ko awa guda, da burodi da cuku a jaka, kafin magariba sun dawo gida. A ƙasar da kusan mutum ɗaya ne kawai cikin goma ke zuwa wasannin hunturu, wannan arhar ita ce ƙofar da ta rage wa malamin makaranta da direban bas.

Sai koyo. A irin waɗannan filaye abin da ke hawa da mutum tudu galibi sanda ce mai faifai a ƙarshenta, rataye da igiyar ƙarfe mai zagayawa. Yaro ɗan shekara biyar ya zo layi, mai kula da na'urar ya saƙala masa sandar tsakanin ƙafafu, igiya ta fizge shi, ya yi taku biyu ya kife. Mai na'urar ya danna maɓalli komai ya tsaya, ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa riga, ya kira shi da sunansa, domin ya san ubansa. Shi kansa da bazara makiyayin shanu ne ko kafinta, albashin hunturun nan ne ke riƙe shi a ƙauye. Babu mai yi wa yaron tsawa daga baya, don layin bai wuce mutum goma ba. Faransa ta daɗe da gane darajar wannan: tun a 1953 aka kwashi ajin 'yan firamare daga Vanves, a gefen Paris, zuwa La Féclaz don su yi karatu da safe su yi zamiya da rana, kuma daga nan al'adar ta bazu a makarantun ƙasar. Ƙananan filaye ne suka fi dacewa da irin wannan aiki.

Illolin da ɗan wasa zai gani da idonsa ba su da wuyar lissafi. Ƙwararre zai gama da hanyoyin duka cikin awa guda ya fara hamma. Na'urorin tsofaffi ne, ga nawa. Babbar matsalar ita ce rashin tabbas: mutum ya ajiye hutun Fabrairu tun da kaka, ya iso ya tarar da ciyawa da taɓo, da 'yar siririyar farar hanya da duwatsu ke leƙowa a cikinta suna karce masa katako.

Wannan rashin tabbas ɗin shi ne ainihin cutar, kuma tushensa tsayi ne. Masana harkar suna da wani ma'auni da suke kira ƙa'idar kwana ɗari: fili ba ya riƙe kansa sai ya samu ƙanƙara mai kaurin santimita 30 har kwana 100 a hunturu, aƙalla shekara bakwai cikin goma. Tsaunukan Alps sun ƙara ɗumi da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, wato sun fi matsakaicin duniya saurin ɗumama nesa ba kusa ba. Wani rahoton ƙungiyar OECD na 2007 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri guda yana tura iyakar ƙanƙara mai tabbas sama da kimanin mita 150. Val Thorens da ke mita 2,300 tana da sauran numfashi. Filin ƙauye mai farawa daga mita 1,200 ba shi da inda zai hau, dutsen ya ƙare. Abin da a da ke sauko masa a matsayin dusa yanzu ruwan sama ne, ruwan kuma a dare guda yake wanke abin da aka yi mako ana tarawa. Ga shi kuɗin shekara kusan duka a makonnin Kirsimeti da hutun makarantu na Fabrairu ake samunsa. Idan ɗumi ya faɗo a kan waɗannan makonni, shekara ta tafi ke nan, ko da ƙanƙara ta cika dutse a watan Maris.

Maganin da aka fi rugawa gare shi shi ne ƙanƙarar inji. Da dare, idan sanyi ya sauka, sai a kunna manyan bututu masu fanka a gefen gangare, su riƙa feso ruwa da iska, ruwan ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Da asuba motar baje ƙanƙara ta bi ta shimfiɗa tulin. Kowace mita kubik ta ruwa kan ba da kimanin biyu na ƙanƙara, don haka sai an haƙa tafki a kan dutse, an binne bututu, an ja wutar lantarki, wutar da farashinta ya yi tashin gwauron zabi a Turai a 2022. Duk da wannan ɗawainiya injin ba ya ƙirƙirar sanyi. Sai ma'auni ya sauka ƙasa da sifili da digiri biyu ko fiye yake aiki yadda ya kamata, wato filin da ya fi kowa buƙatarsa shi ne wanda zai fi ƙarancin dararen kunna shi. Lamarin ya yi kama da manomin da damina ke gajarce masa kowace shekara, shi kuma yana ƙara cin bashin taki.

Akwai lokacin da abin ya kai ga ban takaici. A Fabrairun 2020, a Luchon-Superbagnères da ke tsaunukan Pyrénées, hukumar yankin ta ɗauki hayar jirgi mai saukar ungulu ya kwaso tan 50 na ƙanƙara daga saman dutse ya zuba a inda yara ke koyo. Ministar muhalli ta lokacin, Élisabeth Borne, ta yi tir da abin. Su kuma masu filin suka kare kansu da cewa ayyukan mutanen gari suke ceto. Dukansu biyu suna da gaskiya, wannan ne ma ya sa batun ke da ciwo.

Binciken da aka buga a mujallar Nature Climate Change a watan Agustan 2023 ya duba filaye 2,234 a ƙasashen Turai 28. Idan ɗumamar duniya ta kai digiri 2, kashi 53 cikin ɗari za su shiga babban haɗarin rashin ƙanƙara. Idan digiri 4 ne, kashi 98. Ko da an rufe rabin hanyoyin kowane fili da ƙanƙarar inji, alƙaluman na komawa kashi 27 da 71 ne. A Fabrairun 2024 kotun da ke bin diddigin kuɗin gwamnati a Faransa ta fitar da nata rahoto, ta ce tsarin ya gaji, filaye kaɗan ne za su iya sa ran ci gaba da aiki bayan 2050, ta kuma soki yadda aka jingina da ƙanƙarar inji. Mutanen da ba su san komai ba sai lissafi ne suka faɗi haka.

A ganina, haɗarin da ya fi rufewar kanta girma shi ne jinkiri. Galibin ƙananan filayen nan na ƙananan hukumomi ne, don haka kowane giɓi daga harajin mutanen gari ake cike shi, daga kuɗin da zai gyara makaranta ko bututun ruwa. Magajin gari ba ya son tarihi ya ce a hannunsa aka rufe, sai ya nemo tallafin shekara guda, sannan wata shekarar. Ba na ganin laifinsa ƙwarai. A Alpe du Grand Serre, da aka sanar da rufewa a Oktoban 2024 bayan shekara 85, ayyuka kusan 200 ne ke rataye a wuyan filin, mutane suka tashi haiƙan suka tara gudummawa har aka sake buɗe shi a hunturun da ya biyo baya. Amma garin da ya kashe kuɗinsa na ƙarshe a kan bututun ƙanƙara zai wayi gari ba wasa, ba ajiya, sai bashi da tsatsa. A Céüze, kusa da Gap, na'urori sun tsaya tun 2018, turakun ƙarfe da igiyoyi suka yi shekaru a tsaye cikin ciyawa. Dokar tsaunuka ta 2016 ta wajabta kwance irin waɗannan kaya idan an daina aiki da su, sai dai sababbi ta shafa. Tsofaffin, sau da yawa 'yan sa kai na ƙungiyar Mountain Wilderness ne ke zuwa da injin yankan ƙarfe su tuge.

Manyan dandalai na can sama suna karɓar waɗanda ƙanana suka rasa, suna ƙara farashi, wasu ma suna komawa hannun manyan kamfanoni: Vail Resorts na Amurka ya sayi mafi yawan hannun jarin Andermatt-Sedrun a Suwizalan a 2022, sannan ya haɗa da Crans-Montana. Na yi imanin suna yi wa kansu illa a sannu. Baƙon da zai biya Yuro 70 gobe, yau yaro ne da ke kifewa a gangaren ƙauye. In babu gangaren, ƙwallo zai koya. Faransa kuwa na shirin karɓar wasannin Olamfik na hunturu a 2030, kuma ba a Seyne ko La Sambuy za a zuba kuɗin ba.

Métabief da ke tsaunukan Jura ta zaɓi wata hanya. Ta sa aka yi mata nazarin yanayi, ta amince cewa zamiyar gangare za ta ƙare mata tsakanin 2030 da 2035, ta fasa sayen sababbin kujerun hawa, ta koma lallaɓa tsofaffi, tana karkata kuɗi zuwa hanyoyin keken dutse da wasannin bazara. Wannan ya fi hankali, amma bai zo da sauƙi ba. A 2024 giɓin kuɗi ya tilasta rufe ɓangaren Piquemiette, kusan kashi 30 na filin, tun kafin wa'adin ya cika, masu shaguna da gidajen abinci na wajen suka fusata. Kuma har yanzu abin da mai keke ko mai yawon ƙafa ke kashewa a yini bai kama ƙafar abin da tikitin zamiya ke kawowa ba.