Raddi Ga Mai Ɗora Wa New Bell Laifin Duhu

Makon jiya na ji wani malamin tattalin arziki a rediyo yana magana kan wuta da ruwa a Duwala. Jimillar zancensa ita ce mutanen unguwanni irin New Bell ba sa biya, satar wuta suka iya, don haka a sakar wa kamfani mara ya yanka farashinsa, hukumar sa ido kuwa asarar kuɗi ce. Ya ce binciken masana duk yana bayansa. Zan bi maganar ɗaya bayan ɗaya, ko da yake raina a ɓace yake.

Malam, ka taɓa kwana a gidan haya a Unguwar Hausawa ko bayan Kasuwar Kongo? Ɗaki goma, mita ɗaya, da sunan mai gida. Wata na ƙarewa zai raba kuɗin bisa yawan ƙwan fitila da fanka, wanda bai biya ba a cire wayarsa kafin magariba. Wane ɗan haya ne yake da bakin ƙin biya? Dubi farashin da aka tsayar a 2012: sefa 50 kan kowane kilowat-awa ga wanda bai wuce 110 a wata ba, domin a sauƙaƙa wa talaka. Ɗaki goma kan mita ɗaya kafin tsakiyar wata sun haura 110, sun faɗa matakin sefa 79, wani lokaci har 94. Rangwamen da aka yi domin tela da mai tsire ya tsallake kansu, ya sauka a gidan mai mitarsa shi kaɗai. Ba ni na gano wannan ba. Kristin Komives da abokan aikinta sun rubuta wa Bankin Duniya littafi a 2005, suka nuna cewa irin wannan farashi mai hawa-hawa ya fi amfanar masu hali, domin talaka ko dai ba a ja masa layi ba, ko yana haɗa mita da maƙwabta. Haka ruwa. Matar da ke sayen jarka a bakin famfon wani tana biyan fiye da abin da mai famfo a gida ke biya kan lita ɗaya, kuma hannu da hannu take biya, babu bashi.

Akwai masu satar wuta, ban musa ba. Amma jaridun Kamaru sun sha buga bashin da kamfanin wuta Eneo ke bin ma'aikatu da kamfanonin gwamnati, biliyoyin sefa. Ko sau ɗaya Malam bai ambace su ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Sai batun kamfani mai zaman kansa, wanda ya kawo kamar sabon magani. A 2001 AES ta Amurka ta sayi kashi 56 cikin 100 na kamfanin wutar ƙasa, SONEL. A 2014 ta sayar wa Actis ta Ingila, suna ya koma Eneo. An ba kamfanin CDE, ƙarƙashin jagorancin 'yan Maroko, rabon ruwa daga 2008 zuwa 2018, sannan Camwater ta gwamnati ta karɓe. Mun gwada, Malam. Da ka kawo binciken Galiani da abokansa kan Ajantina, inda mutuwar yara ta ragu da kashi 8 cikin 100 bayan sayar da kamfanonin ruwa, da na ce ka riƙe hujja. To amma Katharina Gassner da abokanta a 2009 sun duba kamfanoni sama da 1,200 a ƙasashe 71, suka ga aiki ya ƙaru, ma'aikata sun ragu, sai dai ba su ga jari ya ƙaru a fili ba. Luis Guasch kuma ya tarar a 2004 cewa kashi 74 cikin 100 na yarjejeniyoyin ruwa a Latin Amurka an sake zama a kansu, yawanci kafin shekara biyu. Ina "duk masana" a nan?

Kan rufe ARSEL, hukumar sa ido kan wuta wadda dokar 1998 ta haifa, waya ɗaya ce ke shiga unguwa, ba mu da wani kanti da za mu koma. Jean-Jacques Laffont ya bayyana raunin irin waɗannan hukumomi a ƙasashe matalauta domin a tsara su daidai da halin da ake ciki. Ruwa ba shi da hukuma irin ARSEL, kuma hakan bai raba rijiyoyinmu da masai ba, bai hana kwalarar 2004 ba.

Ya rufe da cewa madatsar Nachtigal mai megawat 420 za ta share hawaye. Wutar da aka samar a kogin Sanaga sai ta bi layukan kamfanin jigilar wuta Sonatrel, ta bi taransifomar unguwa, kafin ta kai keken tela. Wannan ma bai taɓo shi ba.