Sanarwar Bayan Taron Masu Nazarin Tattalin Arzikin Kiwon Lafiya a Abuja

Ƙungiyarmu ta malaman jami'a, likitoci da ɗalibai masu nazarin tattalin arzikin kiwon lafiya ta kammala zaman kwana biyu a Abuja. Mahalarta sun zo daga Kano, Zariya, Sakkwato, Ibadan da Inugu, wasu kuma suka shiga ta intanet daga ƙasashen waje. Tambaya ɗaya ce ta tara mu: wa zai riƙa yi wa Najeriya lissafin kuɗin lafiya nan gaba, kuma shin jami'o'inmu za su iya riƙe shi?

A wannan birni ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a watan Afrilun 2001 cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinta. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba, kuma sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Muna nan kan neman a ƙara kason lafiya. Sai dai taron ya fi daɗewa kan ɗan abin da ke hannu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Dokar 2022 da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta wajabta inshora kan kowa. Dukansu biyu suna tilasta zaɓi, domin duk maganin da aka saka a jerin abin da za a biya, wani aka bari a waje. Aikinmu shi ne mu nuna inda kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, kafin a kashe kuɗin.

An ɗauki mafi yawan yinin farko kan misali guda, wato maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012. Mai lissafi zai gina tsari a kwamfuta, ya bi yara kashi biyu, waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, ya ƙidaya nawa za su kamu, nawa za a kwantar, nawa za a rasa. Sai ya ɗora kuɗin ƙwayoyin, alawus ɗin masu rabawa, kuɗin gadon asibiti da na motar da ta kai yaron. A ƙarshe ya fitar da adadi ɗaya: naira nawa aka kashe don ceto shekara guda ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya. Taron ya damu ƙwarai da cewa sau da yawa alƙaluman da ake zubawa cikin irin wannan tsari aro ne daga wasu ƙasashe. Kuɗin jinya a Nairobi ba shi ne na Daura ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 ma, lissafin da aka yi kafin nan yana buƙatar sake zama, domin magunguna da yawa da dala ake sayo su.

Abin da ya fi taɓa zukatan mahalarta shi ne jawabin wata matashiyar malama. Ta ce ta shafe wata takwas tana gina tsarin lissafi da wata jiha ta yi amfani da shi wajen tsara inshorarta, amma da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamitin jami'arta ya ce wannan ba wallafa ba ce. Kusan kowa a zauren yana da irin wannan labari. Shi ya sa wanda ya ƙware kan koma aikin kwangila da ƙungiyoyin agaji, ko ya wuce Ingila, inda Jami'ar York ke da cibiyar wannan fanni tun 1983. Ba mu ga laifin mai tafiya ba, yana da iyali. Amma janyewar tallafin Amurka a farkon 2025 ta nuna mana haɗarin jingina wannan sana'a da kuɗin waje.

Saboda haka taron ya yi kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da majalisun jami'o'i da su riƙa ƙidaya tsarin lissafi da rahoton da gwamnati ta yi aiki da shi cikin ayyukan ƙarin girma, muddin masana sun tantance shi. Ya roƙi asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya ware guraben digiri na uku a wannan fanni, tare da sharaɗin dawowa a koyar. Ya buƙaci jami'o'in Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa sashen tattalin arziki da na lafiyar al'umma a kwas ɗaya, domin nauyin cutar zazzaɓi da mutuwar mata wajen haihuwa ya fi yawa a Arewa, masu lissafinsa kuwa sun fi ƙaranci a can.

Ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, muna neman cibiya mai cin gashin kanta da za ta auna sabon magani ko rigakafi kafin a saye shi, kamar yadda Ingila ke yi wa magunguna ta hukumar NICE tun 1999, Tailan kuma ta HITAP tun 2007. A buɗe wa ɗalibai bayanan kuɗin jinya na hukumomin inshorar jihohi, bayan an cire sunayen majinyata. Tambayoyin auna ingancin rayuwa kuma a yi su da Hausa, Yarabanci da Ibo, a gwada su a ƙauye.

Ba a cimma matsaya ba kan iyakar kuɗin da ya dace ƙasa ta biya don shekarar lafiya guda. An kafa kwamitin mutum biyar da zai kawo shawara a zama na gaba. Kowane babban malami a cikinmu ya ɗauki alkawarin horar da ɗalibai biyu kafin lokacin.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakatariyar Ƙungiya
Abuja